Ranar da Na Jingina da Rumbun Nomau

Tun da na dawo daga arewa ba ku bar ni na huta ba. Da an tashi daga sujada ranar Lahadi, wannan ya ja ni gefe, wancan ya biyo ni har ƙofar gida: Malam Ishaya, yaya hanya, me ka ci, da gaske ka hau raƙumi, me ya sa ka rame haka? Rahila matata ta gaji da ce wa mutane zazzaɓi ne. To, ba zazzaɓi ba ne. Tsoro ne, kuma har yau bai sake ni ba. Na ga gara in rubuta muku sau ɗaya, kowa ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi. Sunan ƙauyen ba zan faɗa ba, sunayen mutanensa ma na sauya su, kada wanda ya matsa mini a kan haka.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin lekol ne, wato makarantar boko, a nan Tawa, shekara ta uku ke nan tun da aka kawo ni daga ƙasarmu ta kudu, wajen Maraɗi. Da damina ta ja baya, ana shirin buɗe makarantu, sufeton makarantu ya kira ni ofishinsa. Ya ce gwamnati za ta buɗe aji a wani ƙauye can arewacin Adar, aikina in je in rubuto sunayen yara ashirin da suka isa shiga. Ya miƙo mini takarda mai layi-layi, ya riƙe gefenta bai saki ba.

"Ka dawo da ita cike," in ji shi. "Kana ganin yadda ƙasa take. Yanzu wanda ya dawo hannu wofi ba a cewa ya kasa, cewa ake yana tare da waɗancan."

Kun san waɗanda yake nufi, mutanen da ake ta cewa sun ƙetaro iyaka da bindigogi. Kun kuma san mutum nawa aka ɗauka a unguwar nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ni ga ni ɗan kudu, ga dangi a ƙetaren iyaka, ga ni Kirista. Na karɓi takardar na fito daga ofishin nan da tsoro.

Amma na fito da wani alkawari kuma, wanda na yi wa kaina. Wanda ya koya mini karatu a garinmu wani dattijo ne, Baba Dauda, Allah ya ba shi hutawa. Bai taɓa ɗaga mana bulala ba. Kullum abin da yake nanata mana shi ne yaro ba akuya ba ne da za a kora shi da sanda, halittar Allah ne da Allah ya yi da darajarsa, ya danƙa wa iyaye amana, malami kuwa mai taya su riƙo ne kawai. Yakan ce ilimin da ya shiga da duka, da shi da tsoro suke zama wuri ɗaya har mutum ya tsufa. Na ce ni ma haka zan yi. Zan zauna da iyayen nan, in yi musu bayani da haƙuri, ko kwana nawa zai ɗauka, har su ba ni 'ya'yansu da hannunsu. Rahila tana ɗaure mini kaya tana cewa, "Kai dai ka rage dogon bayani, ka san halinka." Na yi dariya. Da na ji maganarta!

Wanda aka haɗa ni da shi wani gardi ne, wato dogarin gwamnati, tsohon soja, sunansa Arzika. Dogo ne, baƙi wuluk, da jar hula da bulalar fatar dorina rataye a wuyan hannu. Shekara da shekaru yana wannan aiki na ɗaukar yara tun zamanin Nasara. Kallo ɗaya na yi masa na yanke masa hukunci a raina, na ce ga mugun da zan yi fama da shi.

Mun bar Tawa da safe a bayan wani kamiyo, wato babbar motar kaya, mai zuwa Kalfu, a kan buhunan albasa. Ba mu yi nisa ba muka tarar da shinge, an gitta ƙaya a hanya, samari riƙe da kwari da baka da kulake. Aka sauke kowa, aka zazzage kaya a ƙasa. Wani mai tsagar fuska ya ɗago littafina na ibada, ya juya shi, ya kai wa wani da ya ɗan iya karatu. Wannan ya ga rubutun Hausa, ya ga a ƙetaren iyaka aka buga shi, sai ya ɗaga murya: "Wane ne mai wanga?" Kai, jama'a! Na ga an fara kewaye ni, wani har ya kama mini hannun riga. Sai Arzika ya tako a hankali, ya zare littafin daga hannun saurayin kamar yana karɓar abinsa, ya ce, "Malamin gwamnati na. Littahin sallarsu na. In kana son karatu, taho in rubuta ka lekol." Aka fashe da dariya, aka sake ni. Na koma kan albasa ban iya ko yi masa godiya ba, kunya da tsoro sun haɗe mini.

A Kalfu muka sauka gidan wani dattijo abokin Arzika. Mutanen kirki, ba abin da zan ce. Sai dai da suka ji ko ni wane ne, aka ware mini ƙwaryata daban da ludayina daban, aka rataye su a wani reshe can gefe. Ban ji haushi ba, a garinmu ma an saba yi mana haka. Abin da ya ba ni wahala furarsu ce. A wajenmu fura abin sha ne da rana, tuwo shi ne abinci. Su kuwa fura da safe, fura da rana, fura da la'asar, mai kauri, ruwanta ja-ja saboda na tafki ne. Cikina ya yi ta ƙugi har mai gidan ya tambayi Arzika ko baƙon nasa yana magana ne.

Kashegari aka kawo raƙuma biyu, don daga nan babu hanyar mota, sai duwatsu da kwazazzabai. Ni ko jaki ban iya hawa sosai ba. Ba wanda ya gaya mini raƙumi da ƙafafun baya yake fara tashi. Yana yunƙurawa sai ga ni na zubo ta kan wuyansa, hula gabas, takalmi yamma. Matan gidan suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Na sake hawa, na ƙanƙame sirdi, ina addu'a a fili ba kunya.

Da rana ta take muka tsaya a wata rijiya inda Buzaye suke shayar da dabbobi. Fuskokinsu a rufe, takubba a kafaɗa, gabana ya yi ta faɗuwa. Ashe mutanen arziki ne. Wani ya miƙo mini wani abu fari-fari mai faɗi, busasshe ƙayau. Na ɗauka fata ce ta gyaran takalmi, na yi godiya na cusa a aljihu. Arzika ya girgiza kai ya ce, "Malam, cuku na, nono na anka busar. Ci aka yi." Na ciro na gatsa, haƙorina ya kusa zama a ciki. Da aka jiƙa mini shi a shayi kuwa, na cinye har na so ƙari.

A nan bakin rijiyar muka yi gardamar da nake so ku riƙe, don ita ce tushen abin da ya faru. Na tambayi Arzika yadda suke aikin. Ya ce mai sauƙi ne. Ana isa da hantsi, ya yi tsawa, ya zabga bulala a ƙasa sau biyu uku, maigari ya fito da 'yan yaran da ya ga dama, galibi marayu da 'ya'yan waɗanda ba su da mai tsaya musu. A sa yaro ya ɗaga hannun dama ta bisa kansa, in ya taɓo kunnen hagu ya isa lekol, in bai taɓo ba a bar shi sai baɗi. A rubuta, a hau raƙumi.

"Kahin rana ta yi zahi mun bar garin," in ji shi. "Kak ka daɗe, Malam. Shi ɗai nika roƙonka."

Na ce sauran yaran fa? Ya ce ɓoye su ake yi. Na ce a daji? Ya dubi ƙasa ya ce, "Wasu daji." Ya ƙara da cewa doka ce, uban da aka kama ya ɓoye ɗa, ɗaure shi ake a kai shi Tawa a ƙasa, kuma a irin wannan lokaci ba kowa ke dawowa ba.

Sai na hau shi da wa'azi. Na ce wannan zalunci ne, ni ba za a ɗaga bulala a gabana ba, kuma ba zan yi gaggawa ba. Na ƙara da abin da har gobe nake cizon yatsa a kansa. Na buga ƙirji na ce, "Ni Kirista ne, ba na ƙarya. Duk abin da idona ya gani, shi zan rubuta wa sufeto, ba ragi ba ƙari." Arzika ya dube ni ya daɗe. Bai sake cewa uffan ba har muka kwana a wata ruga, muka tashi da asuba.

Abin da ya fara burge ni da muka hango ƙauyen rumbunansu ne. A wajenmu rumbu na zana ne da kara, iska tana ratsa shi ta ko'ina, muna yara har barci muke yi a ciki in muna wasan ɓuya. Nasu kuwa na laka ne, manya-manya kamar tuluna, an ɗora su a kan duwatsu, sun fi ɗakunan kwana tsayi. Ba ƙofa, ba taga. Baki ɗaya ne a can sama, an kife shi da murfin laka, an ɗora hular ciyawa. Na yaba, na ce wa Arzika ko ɓera ba zai sami hanya ba. Lokacin gero yana tsaye a gona ba a fara yanka ba, na bara kuma ya ƙare, wato rumbunan duk wofi suke. Ga zafin nan na bayan damina, wanda iska ba ta motsi, gumi yana bin mutum har cikin takalmi.

Mun shiga da hantsi. Gari tsit. Ga maza, ga mata, ga jarirai a baya, amma yaron da ya isa aike ko ɗaya babu. Na ce a raina, an kai su daji, ba kome, zan jira.

Maigari, wani tsoho mai rawar murya, ya tarbe mu tun daga bakin gari. Ya sa an shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin wata bishiya can nesa da gidaje, an kawo gadon kara an ɗora kilishi don in zauna. Nan fa na ga wurin nuna tawali'u. Na ce ni ba sarki ba ne, ba kumandan na Nasara ba ne, bawan jama'a ne, ba zan hau gado mutane suna ƙasa ba. Na wuce shi na kutsa cikin gari, yana bina yana "Malam, nan ya hi sanyi, Malam, dawo." Na sami wani babban rumbu a ƙofar wani gida, da 'yar inuwarsa, na zauna a ƙasa, na jingina bayana da shi. Na ji laka da ɗumi kamar gefen murhu, amma na ce ba kome, Ubangijina ya sha abin da ya fi haka.

Mai gidan ya fito da gudu. Sunansa Nomau, siriri, mai 'yar furfura a gemu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Ranka shi daɗe, wurin ga ba shi da kyau, akwai kunama. Mu koma gindin icce." Na ce Allah zai tsare. Matarsa Kulu tana tsaye bakin danga da tulu a kai, ba ta shiga ba, ba ta fita ba. Mazan gari suka taru suka zauna a rana a gabana, kowa ya sunkuyar da kai. Arzika ya tsaya gefe, ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, a taƙaice."

Ban taƙaita ba. Ku da kuka san ni kun san in na kama magana. Na fara tun daga halitta. Na ce musu ni ba da bulala na zo ba. Na ce na san an gaya musu ni Kirista ne, gaskiya ne, amma lekol ta gwamnati ce, ba wanda zai raba ɗa da addinin ubansa, kuma addinina da nasu duka sun yarda Allah ne ya yi yaro, shi ya ba shi hankali, zai kuma tambaye mu abin da muka yi da shi. Na ce yaro amana ne, ya fi gero, ya fi raƙumi. Na ce wanda ya cuci yaro ɗaya, da Mahaliccinsa yake faɗa. Na kawo misalin likita, na kawo na mai karanta wasiƙa, na kawo labarin Baba Dauda tun daga farko. Maganar tana yi mini daɗi a baki, ina jin kaina kamar ba a taɓa malami irina ba. Da na ga hawaye a idon Nomau, na ce a raina, madalla, ta fara shiga.

Ana cikin haka na ji wani ƙwas-ƙwas a bayana, cikin laka, daidai kafaɗata. Na tsaya na yi murmushi na ce, "Malam Nomau, ashe ɓera yana shiga rumbunku. Ni da na ce ba shi da hanya." Ba wanda ya yi dariya. Nomau ya ce, "I, ranka shi daɗe, ɓera na." Na ci gaba.

Arzika ya matso sau uku. Na farko ya ce raƙuma suna jin ƙishirwa. Na biyu ya ce hanya da nisa. Na uku ya ce, "Malam, don girman Allah, bari in yi tsawata guda mu tahi." Na juya na ce masa a gaban jama'a, in ya gaji ya je ya kwanta, ni ba zan tashi daga wurin nan ba sai iyaye sun yarda da kansu, ko da zan kai gobe. Na ji wani tsoho ya yi salati.

Inuwar rumbun ta tsuke har ta koma ƙarƙashinsa, rana ta dawo tsakiyar kai. Sai ladan ya kira salla. Na dubi agogona na ga lokaci bai yi ba, da saura sosai. Na ɗauka rashin agogo ne. Ashe dabara ce suka yi don taron ya watse in tashi. Ni kuwa, mai ladabi, na ce, "Ku je ku yi ibadarku a natse, ba na gaggawa, ina nan zaune ina jiranku." Maza suka miƙe kamar an zare musu laka. Nomau bai tafi ba. Arzika ma bai tafi ba.

Da wuri ya yi shiru, na sake jin abin nan a bayana. Yanzu a hankali yake, ƙwas, sai a daɗe, ƙwas. Kulu ta tako da tulunta, ta zo dab da ni, ta kwara ruwan duka a jikin rumbun. Ya fantsamo ya jiƙa mini riga. Na yi tsammanin wata al'ada ce, ko kuwa wulakanci ne don an ce Kirista ya jingina da abincinsu. Har na buɗe baki zan ce na yafe mata. Sai na lura ba ni take kallo ba, kunnenta ta kafa a jikin laka. Ni ma na kasa kunne.

Ƙwas-ƙwas ɗin ya daina.

Matar nan ta saki tulu ya tarwatse. Ta faɗi a gabana ta kama ƙafafuna, ta kurma ihun da har yau nake ji in na rufe ido: "Ɗauke ta! Kai ta lekol ɗin, maishe ta abin da kaka so, na ba ka! Tashi in buɗe, ɗiyata ta bar motsi!"

Wayyo Allah. Ban san lokacin da na miƙe ba. Nomau ya kawo wani gungume mai tsaga-tsaga da suke hawan rumbu da shi, ya jingina shi, ni na hau. Na ture hular ciyawa, na ɗaga murfin. Wani huci ya bugi fuskata kamar an buɗe tanda. Ciki duhu. Na zura jiki har kugu, Arzika ya riƙe mini ƙafafu, na lalubo wani ɗan hannu mai santsi da gumi. Na jawo ta. Yarinya ce 'yar shekara bakwai ko takwas, sunanta Cima. Kanta ya langaɓe, idanu sun juye, leɓe ya bushe fari fat. 'Yar gorar ruwan da aka ba ta tun safe ba ko ɗigo. Yatsunta duk laka da jini. Ɓeran da na yi wa ba'a ke nan.

Muna sauko da ita sai Arzika ya yi abin da ban taɓa zato ba. Ya cire jar hularsa ya rufe fuskarsa da ita, ya juya ya fuskanci danga, ya daka tsawar da ta girgiza gari: "Ku buɗe su duka! Duka! Wallahi ban ga komi ba, ba ni ganin komi!"

Jama'a, na ɗaga kai. Ko'ina mutane gudu suke da gungume da tsani, daga masallaci, daga gidaje. Hulunan rumbuna suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Wancan a ciro yaro, wancan a ciro biyu, wani yana amai, wani yana kuka ba murya. Duk tsawon lokacin da nake gaya wa iyayensu darajar yaro, suna ciki suna dahuwa, kuma ni ne murfin.

An kwantar da Cima a inuwar ɗaki, ana shafa mata ruwa, uwar tana ɗiga mata a baki da yatsa. Na durƙusa a gefe ina addu'a, amma kalma ɗaya ba ta haɗu ba, ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba. Abin da nake iya cewa kawai, kada ka kama ta da laifina. Ban san tsawon lokacin ba. Can wajen la'asar ta yi tari, ta buɗe ido. Da ta gan ni da farar riga da alƙalami a aljihu, ta ƙwalla ƙara ta cusa kai a jikin uwarta. Na ja da baya na fita.

A waje na tarar da Nomau durƙushe gaban Arzika, ya haɗa hannuwansa biyu ya miƙa, yana jiran igiya. Arzika bai dube shi ba, ni ya duba.

"To, Malam mai gaskiya," in ji shi. "Ka gani da idonka. Mi za ka rubuta?"

Nan na gane abin da ya ɗaure masa baki tun daga rijiya. Ya san abin da ke cikin rumbunan tun muna hango su. Da ya gaya mini, ni da na rantse zan rubuta duk abin da na gani, da ya jefa mazan garin nan a igiya. Tsawarsa da bulalarsa da gaggawarsa, waɗanda na raina, su ne suke fitar da yaran nan da rai duk shekara. Ban ce hanyarsa daidai ce ba, marayun da ake miƙa masa su ma 'ya'yan Allah ne. Amma shi ya san mutanen da yake tsoratarwa, ni kuwa ban san waɗanda nake ƙauna ba.

Na kama hannun Nomau na tashe shi. Na ce ya yafe mini. Bai gane abin da nake nufi ba, ya yi ta cewa, "Ranka shi daɗe, ranka shi daɗe." Muka hau raƙuma da takarda fara, ba wanda ya raka mu.

Kwana uku muka yi a hanyar dawowa, ban tuna abin da na ci ba. Da na shiga ofis na ajiye takardar, sufeto ya juya ta gaba da baya. Na ce ban rubuta kowa ba, laifina ne, ban iya aikin ba. Ya ce, "Sun ɓoye yaran ne?" Ƙarya ba zan yi ba, gaskiya kuma ba zan ba shi ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan tambaya ba zan amsa ta ba." Ya kira Arzika. Arzika ya ƙame ya ce shi bai ga kome ba, hula ta rufe masa ido. Na fara tunanin wa zai gaya wa Rahila in an tsare ni. Daga baya ya ce tun da na iya taurin kai, ni zan je in buɗe ajin da kaina. Ya ba ni wata ɗaya bayan girbi. In yara ashirin ba su zauna a gabana ba, zai tura wasu gardawa waɗanda ba su da hular rufe ido, ni kuma ya san inda zai kai sunana.

Da muka fito na ce wa Arzika, ko ba kome bayan girbi rumbuna sun cika, ba wurin sa yaro. Ya gyara bulalarsa ya ce, "In rumbu ya cika, tsohuwar rijiya aka sa su, Malam. Da igiya."

Shi ya sa kuka ga na rame. Shi ya sa a aji yanzu, in yaro ya yi shiru, sai in tsaya tsakiyar magana in je in durƙusa kusa da shi, har yara sun fara cewa malam ya taɓu. Abin da Baba Dauda ya koya mini gaskiya ne, ban janye ko kalma ɗaya ba. Ni ne na ɗauka in ka san darajar yaro ka iya faɗinta, ka gama.

An fara yankan gero. Ran Litinin zan koma, ni kaɗai, ba gardi, ba farar riga, a ƙasa daga Kalfu. Zan zauna gindin bishiyar nan da maigari ya nuna mini tun farko, in yi shiru har sai an tambaye ni. Ban sani ba ko za su zo. Rahila ta ɗaure kayan, wannan karon ba ta ce mini kome ba. In za ku yi mini addu'a, kada ku roƙa mini baki, kun ji abin da ya kusa yi wa Cima. Ku roƙa mini kunne.